Tiyon silikon a madadin tsofaffin tiyon iska na injin: inda ya dace da inda bai dace ba

Corolla da Carina E masu injin 4A-FE da aka ƙera a shekarun 1990 duk sun kai shekarun da ƙananan tiyon da ke zuƙar iska daga manifol, wato bututun da ke raba wa silindojin injin iska, suke bushewa su tsage. Za ka ji sauti kamar hucin maciji a ƙarƙashin bonet, silo ya riƙa hawa yana sauka, mota ta ƙara shan mai. A shagunan kayan mota irin na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, abin da ake yawan miƙo wa mai neman gyara shi ne ƙunshin tiyon silikon mai launi, shuɗi ko ja ko baƙi, mai faɗin rami milimita 3, 4, 6 da 8.

Ta fuskar jure zafi tiyon silikon ya fi na roba nesa ba kusa ba. Silikon yana kaiwa wajen digiri 200 bai sandare ba, don haka tiyon da ya ratsa kusa da bakin salansa zai daɗe da laushinsa. Ga sauƙin yanka da lanƙwasawa.

Matsalarsa ta farko girma ce. Yawancin ƙananan bakunan Toyota milimita 3.5 suke so, kuma ƙunshin bai cika zuwa da shi ba. Mai 4 yana shiga salin-alin, amma silikon yana da santsi, bayan 'yan makonni sai ya zame ko ya riƙa shan iska ta gefe. Mai 3 ya fi, ko da za a sha wahalar tura shi: a jiƙa bakin da ruwan sabulu, kada a shafa baƙin mai. Idan dole sai mai 4, a ɗaure kowane baki da ƙaramin maɗauri. A duba kaurin jikinsa tun a shago. Wanda bai kai milimita 2 ba yana lotsewa idan injin ya zuƙe shi da zafi, musamman a kwana, sai hanya ta toshe alhali daga waje lafiya lau yake.

Ta biyu kuwa, masu sayarwa kan ce ya isa injin gaba ɗaya. Bai isa ba. Silikon zalla ba ya jituwa da fetur ko baƙin mai, kumbura yake yi ya yi gumi. Tiyon da ke fitar da tururin mai daga murfin saman injin, da wanda ke ɗaukar tururin fetur zuwa gwangwanin gawayin da ke tsotse tururin, roba mai jure mai suke buƙata. Babban tiyon da ke zuwa baƙar gangar da ke sa birki laushi kuwa, sai mai zare a ciki wanda aka yi don wannan aiki. Idan ya lotse, birki zai yi tauri a tsakiyar titi.

Wajen aikin, a bar injin ya huce, a ɗauki hoto da waya, sannan a canja ɗaya bayan ɗaya. Kada a fizge tsohon tiyo. Bakunan filastik na ƙananan bawul sun tsufa, taɓa su kaɗan sai su karye, neman wani kuma sai a 'yan gwangwan. A tsaga tiyon a tsaye da reza, a ɓare shi. Kafin a jefar da shi a matsa shi daga farko zuwa ƙarshe, domin wasu suna da ɗan matsattsen rami ko bawul mai barin iska ta bi gefe guda, dole a mayar da su yadda suka fuskanta. Sabon a yanka shi daidai tsawon tsohon.

Tiyon da ya fi kowanne muhimmanci a wannan injin shi ne mai zuwa sensar da ke auna zuƙar manifol. Idan yana yoyo, kwamfutar injin za ta ɗauka an taka totur, ta ƙara fetur, baƙin hayaƙi ya fito, fulogi su yi baƙi. Na kan bawul ɗin matsin fetur kuma a shinshina shi: warin fetur a ciki yana nufin bawul ɗin ne ya fashe, sabon tiyo ba zai yi maganinsa ba.

Bayan an gama, a sa agogon awon zuƙa a manifol. Lafiyayyen injin da ya ɗumama yana nuna inci 17 zuwa 21 (ma'aunin ƙarfin zuƙa a agogon) a silo, allura a tsaye. A wuri mai tudu kamar Jos zai ragu da inci uku ko huɗu.