Situdiyon hoton neman shiga fim a Kaduna: aikinsu na da kyau, amma suna yanke wa fuska hukunci

Duk mai neman shiga fim yanzu, kafin darakta ya ji muryarsa sai ya ga hotonsa a WhatsApp. Wannan ya sa wasu masu ɗaukar hoto a Kaduna suka ware hidima ta musamman ga masu neman fitowa a fim da shirye-shiryen talabijin. Wanda ake magana a kansa a nan yana wani bene da ke kusa da titin Ahmadu Bello, kuma abin da yake bayarwa uku ne: hoton fuska daga kafaɗa zuwa sama, hoton tsayuwa gaba ɗaya, da bidiyon gabatar da kai na minti ɗaya. Akwai mai kwalliya a wurin, akwai kuma wanda suke kira mai ba da shawara, shi ne ke duban mutum ya faɗa masa irin rawar da ta dace da shi.

Ta fuskar kayan aiki sun cancanci yabo. Suna ɗaukar hoton fuska da gilashin kyamara mai milimita 85, irin wanda ke jawo fuska kusa daga nesa, mai ɗauka yana tsaye kimanin mita 2 zuwa 3 daga mutum. Wannan tazarar ita ce muhimmiya, domin kusanci ne ke kumbura hanci, ya tura kunnuwa baya, ya fito da goshi. Wani bincike da likitocin gyaran fuska suka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30, kamar yadda ake ɗaukar kai da waya, yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari idan aka kwatanta da wanda aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi. Yarinya na iya rasa rawar jaruma saboda hancin da ba nata ba ne, na waya ne.

Haskensu ma daidai yake. Babbar fitila tana gefe, a karkace kamar digiri 45, ta ɗan ɗara kai tsayi, an lulluɓe ta da farin ƙyalle don haske ya yi laushi. Ƙarƙashin haɓa akwai farin faifai mai mayar da haske, wanda ke share duhun ƙasan ido. Sun san baƙar fata, ba sa ƙara haske har goshi ya yi ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa, kuma suna saita launin kyamara da wani kati mai launin toka kafin a fara. Masu hoton biki da yawa a garin nan ba sa yin haka, shi ya sa mai wankan tarwaɗa ke fitowa ja-ja-ja a hotonsu.

Matsalar tana farawa ne daga teburin mai ba da shawara. Kafin mutum ya karanta layi ko ɗaya, an riga an raba shi. Fara mai dogon hanci da dara-daran idanu, idan da wushirya ma ya fi, jaruma ce ko 'yar masu kuɗi. Baƙi mai faɗin muƙamuƙi da ƙananan idanu, ɗan daba ne ko yaron bos. Mai tabo a kunci ko harara-garke, mugu ne ko boka. Mai tsagar gado, bille ko kalangu, sai ƙauye ko gadi. Mace mai kaurin gira da siririn leɓe kuwa an gama magana, kishiya ce ko uwar miji.

Da a baki abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma fitila ce ke bin hukuncin. Wanda aka ce mugu ne, sai a cire masa faifan ƙasan haɓa, a matsar da fitila gefe sosai har rabin fuskarsa ya shiga duhu, a ce ya sunkuyar da kai ya ɗago ido. Ko liman aka ɗauka a haka sai ya ba da tsoro. Wadda aka ce jaruma ce, sai a kawo mata haske daga gaba, a ɗaga kyamara sama da idonta kaɗan don idanu su ƙara girma, haɓa ta ƙanƙance. Hoton da ya fito ba fuskar mutum yake nunawa ba, ra'ayin mai ba da shawara yake nunawa, kuma shi ne zai riƙa yawo a wayoyin furodusoshi shekara da shekaru.

Gaskiya ne ba su suka ƙirƙiri ɗabi'ar ba. Binciken da aka yi a jami'ar Princeton ta Amurka a 2006 ya gano cewa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya ishi mutum ya yanke cewa wannan fuskar ta amana ce ko ba ta amana ba, kuma ƙarin lokaci galibi ƙara masa tabbaci kawai yake yi. Darakta mai kwana kaɗan a lokeshan yana amfani da wannan don kada ya ɓata lokaci wajen gabatar da hali. A 2017 likitocin fata a Amurka sun duba jerin fitattun miyagu goma na finafinansu, suka tarar shida suna da wata alama a fata, tabo ko sanƙo ko duhun ƙasan ido. A 2018 hukumar finafinai ta Birtaniya ta daina ba da kuɗi ga fim ɗin da ke amfani da tabon fuska a matsayin alamar mugunta. Mu nan har yanzu ana biyan kuɗi a situdiyo don a ƙara wa tabo duhu, kuma abin yana da ciwo, domin mai tabon shi zai koma unguwa yara su bi shi da sunan da aka ba shi a fim.

Kaduna ta san yadda rawa ke manne wa mutum. Marigayi Usman Baba Pategi soja ne na gaske kafin duniya ta san shi da Samanja, kuma har ya rasu a 2023 da wannan sunan ake kiransa. Amma shi gwaninta ce ta ɗaure shi da rawar, bayan an gan shi yana yi. Sabon shiga kuwa ana ɗaure shi tun bai buɗe baki ba.

Sashen tace hoto shi ne mafi rauni. Idan ba a hana su ba, suna haskaka fata mataki ɗaya ko biyu, su goge ramukan fata har fuska ta zama kamar roba, su rage faɗin hanci. Ranar tantancewa sai mutum ya shigo da fuskar da ba ta hoton ba, darakta ya ji an yaudare shi. Abin da ya halatta a goge shi ne wanda zai tafi da kansa cikin mako biyu, kamar ƙurji ko tsagewar leɓe ta hunturu. Tsaga, tabo, tawadar Allah da launin fata a bar su inda suke.

Bidiyon yana fita sarai, amma sauti yana samun matsala idan aka ɗauke wuta, domin janaretansu yana bayan tagar ɗakin, kuma makirufon kan kyamara suke amfani da shi maimakon na maƙalawa a wuyan riga.

Wurin ya cancanci zuwa, da sharaɗi. Ka je da safe kafin fuska ta yi maiƙo, da riguna uku marasa zane mai yawa, ka guji fara ƙal domin tana rinjayar kyamara ta duhunta fuska. Mace ta tafi da mayafi mai launi ɗaya, ta ce hoda kawai take so da ɗan kwalli, ban da zanen rage hanci. Ka nemi a fara da hoto na tsaka-tsaki: haske daidai a ɓangarorin biyu, kyamara daidai da ido, fuska a sake. Bayan shi sai a yi biyu masu saɓani da juna, ɗaya da fara'a ɗaya a murtuke, a haske iri ɗaya, don a ga cewa kai ne ka sauya ba fitila ba. A bidiyo ka karanta layi biyu, na rawar da suka ce ta dace da kai da na wadda suka ce ba taka ba ce. Ka karɓi hotunan na asali waɗanda ba a taɓa ba tare da tatattun, kuma a tura maka su a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoto ya cinye ƙananan alamun fuska.