Sharhi Kan Jingar Fasa Bango da Ɓamɓare Tayil a Kano: Ba Guduma Ce Ke Cin Kuɗin Ba

Gidan bene ne mai hawa ɗaya a Tarauni, tsohon ginin bulo, kuma aiki uku aka ba da jinga: a cire bangon da ya raba falo da ɗakin da ke gefensa a ƙasa, a ɓamɓare tayil ɗin kicin da banɗaki biyu, sannan a sauke tsohon silin ɗin asbestos na saman bene. 'Yan kwangila uku suka zo suka duba. Mai arhar cikinsu bai kai rabin kuɗin mai tsadar ba, wanda aka ɗauka kuwa shi ne na tsakiya: oga ɗaya, birkila ɗaya, lebura huɗu, suka yi kwana shida. A bango sun yi aikin da ya fi ƙarfin kuɗinsu, a tayil sun yi ɓarna ɗaya da ba ta kamata ba, silin kuwa ban yarda da yadda suka so yi ba ko kaɗan. Rigimar kuɗi ba a kan ko ɗaya cikin ukun ta taso ba, a kan kwasar ɓaraguzai ta taso.

Duk wanda rabonsa da irin wannan aiki tun kafin 2022 zai ji farashin yanzu kamar zolaya. Sai dai in aka bi kayan aikin ɗaya bayan ɗaya, ba a rasa inda tsadar ta fito. Tifa gas take sha, shi kuwa gas tun 2022 ya yi tashin gwauron zabo, kafin ma a taɓa fetur. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta taɓa dubu. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, ga shi faifan giranda da bakin injin fasa kankare da shi kansa injin duk daga waje ake shigo da su. Lebura ma ba a bar shi a baya ba. Gwamnatin tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, Kano ta sa 71,000. Lebura ba ɗan albashi ba ne, amma kwanon shinkafa da kuɗin adaidaita sahu ɗaya suke saya da ma'aikaci, don haka kuɗin yininsa dole ya motsa.

Ƙaramin injin fasa kankare na lantarki yana jan wajen wat 1,500. Ba a dogara da wutar layi a aikin jinga, sai an kawo janareta mai ƙarfin kusan kVA uku, wanda in yana ɗauke da nauyi yakan sha lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa. Yini biyu na ɓamɓarar tayil kaɗai ya isa ya cinye jarka guda. Wancan mai arhar da na ambata bai sa fetur a lissafinsa ba, bai sa tokari ba, bai sa tifa ba. Kuɗin fasawa kawai ya faɗa. Da an ba shi, sauran za su fito ne ɗaya bayan ɗaya lokacin da gida ya riga ya zama kango, babu halin korarsa.

Kafin a ɗaga guduma ogan ya hau sama ya auna, ya tabbatar ko akwai wani bango da ke zaune daidai kan wanda za a cire. Ya sauko ya sa aka fasa filasta kamar faɗin tafin hannu biyu a can sama, inda bangon ya haɗu da dekin, don a ga ko bim ne a wurin, wato kankaren da ake kwantarwa ya ɗauki nauyin dekin, ko kuwa dekin ɗin kai tsaye yake kwance a kan bulo. Wannan mataki na minti ashirin shi ne ya raba mai sana'a da mai ƙarfi. Mutane da yawa sun ɗauka duk bangon inci shida na raba ɗaki ne kawai, inci tara ne mai ɗaukar nauyi. Ba kullum ba. A tsofaffin gidaje an sha zuba dekin a kan duk bangon da ke ƙasa ba tare da bim ba, ya zama kowane bango yana da rabonsa na nauyi. A nan an yi sa'a akwai bim, injiniyan da aka kira ya gani da idonsa ya amince. Kuɗin zuwan injiniya ba ya cikin jingar, kuma shi ne kuɗin da bai kamata a yi ƙyashinsa ba. In da babu bim, maganar ta tashi daga fasa bango ta koma zuba sabon bim da ginshiƙai, da rodi da siminti da jiran kankare ya yi ƙwari, kuma irin wannan sauyin da ya taɓa ƙashin gini ana tuntuɓar hukumar tsara birane ta Kano, KNUPDA, kafin a fara.

Duk da akwai bim, sun kafa tokarin ƙarfe a gefe biyu, tazarar kamar mita ɗaya, kowanne a kan katako sama da ƙasa don kada ya huda daɓe ko ya zame. Sun kashe wuta daga babban akwatin gidan, mai wayarin ya zare wayoyin da ke cikin bangon. Fayif ɗin waya yawanci a tsaye yake tafiya daga makunni ko soket zuwa sama, don haka da an ga soket an san layin da za a kiyaye. Daga nan birkilan ya ja layi da giranda a gefe biyu na bangon, ciki da waje, ya yanke shi daga bangayen da za su zauna. Amfanin wannan yanka shi ne girgizar guduma ba ta ratsawa ta tsattsaga filastar maƙwabcin bango, kuma baki yana fita a miƙe, mai filasta ba zai sha wahalar gyara ba. Sai suka fara daga sama, layi-layi, suna saukowa. Masu gaggawa sukan sare gindin bango su tura shi ya faɗi gaba ɗaya. Yana da sauri, amma tan biyu ko uku ne ke faɗuwa lokaci guda a kan daɓe, a saman bene kuwa a kan dekin, ban da ƙafar leburan da bai kauce da wuri ba.

Ga lissafin da ya kamata mai gida ya yi tun kafin ciniki. Murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo kusan goma. Bango mai tsawon mita huɗu da tsayin mita uku ya zama murabba'in mita goma sha biyu, bulo wajen 120. In aka haɗa da kwaɓin da ke tsakaninsu da filastar fuska biyu, bangon inci shida mai wannan girma yana kusantar tan uku. Baro talatin zuwa arba'in ke nan, kuma ɓaraguzai sun fi bangon da suka fito daga cikinsa cin wuri, don ba sa kwanciya lif. Fasa shi bai cika yini ɗaya ba. Fitar da shi, da na tayil, da na silin, shi ya cinye kusan rabin kwanakin aikin.

A nan ne aka sami saɓani. A bakin ogan, "kwasa" na nufin a fitar da shara ƙofar gida. A fahimtar mai gida kuwa a ɗauke ta daga unguwar. Da tsibi ya taru har ya fara tare hanya, sai ogan ya ce: "Alhaji, ai tifa ba ta cikin maganarmu, mu fitarwa muka yi alkawari." Bai yi ƙarya ba, ba a dai fayyace ba ne. Sawun tifa biyu da kuɗin masu lodi suka hau kan jingar. Barin tsibin ba mafita ba ce: ya toshe kwata, maƙwabta su kai ƙara wurin mai unguwa, da damina kuma ruwa ya kwashe yashin ya cusa a magudana.

Akwai hanyar rage wannan kuɗi da su ba su kawo ba sai da aka tuna musu. Ɓaraguzan bulo zalla kaya ne da ake nema. Masu cikon fili da masu gyaran hanyar unguwa da ruwa ya cinye sukan aiko a ɗauka, wani lokaci da motarsu. Amma sai in tsabtatacce ne. Da zarar an cakuɗa shi da fasasshen tayil, leda, guntun silin da tsumma, babu mai so. Tsibi uku ya kamata a yi tun ranar farko. Haka nan ƙarafa: ƙyauren ƙarfe, tagar alminiyam, guntayen rodi, tsohon fayif ɗin ƙarfe, musamman wayar tagulla, duk 'yan gwangwan suna saye a kan sikeli, ƙofa ko taga mai sauran kyau kuma tana da masu nema a wajen masu tsofaffin kayan gini irin na Ƙofar Ruwa. A faɗa tun farko na wane ne. In an bar wa ɗan kwangila, a rage a kuɗin jinga. In ba a yi maganar ba, da yamma za a ga buhu ya bi bayan babur.

Tayil ɗin kicin ya fita lafiya. A banɗakin sama aka yi ɓarnar. Leburan da ke riƙe da injin ya tsayar da bakinsa tsaye cak yana huda ƙasa, maimakon ya kwantar da shi ya shiga ƙarƙashin tayil yana ɓamɓarowa. Bakin ya ratsa daɓen ya sami fayif ɗin ruwa na rabin inci da ke kwance a ciki. Ba a gane ba sai da aka buɗe tanki da yamma, dekin ɗin ƙasa ya fara zufa. Da sun bi layin famfo da shawa sun yi alama da alli, sun yi amfani da kurfi da ƙaramar guduma a kewayen wurin, da hakan bai faru ba. Sun dai yi abu ɗaya daidai: da suka cire masai sun toshe bakin fayif ɗin inci huɗu da buhu, suka toshe magudanar ƙasa ma. Guntun kankare ɗaya in ya faɗa ciki ya tsaya a gwiwar fayif, sai an sake fasa wani wurin kafin a ciro shi. Ogan ya karɓi laifin fayif ɗin ba gardama, ya kawo mai gyaran famfo da kuɗinsa, wannan kuma na yaba.

Silin ne ya fi tayar mini da hankali. Niyyarsu su tsaya a ƙasa su riƙa zungurarsa da katako yana faɗowa gutsi-gutsi, an ɗaure fuska da riga. Asbestos in yana zaune lafiya ba ya damun kowa, amma da an farfasa shi yana sakin zaruruwa da ido ba ya gani, su shige huhu su zauna, cutar kuma sai bayan shekaru ashirin ko fiye take bayyana. Riga ba ta tare su, takunkumin asibiti ma haka. Yadda ake yi shi ne a yayyafa ruwa ya jiƙu, a zare siraran katakon da suka danne gaɓoɓin, mutum biyu su sauko da kowane falle sukutum, a jera a naɗe da leda mai kauri. Kada giranda ta taɓa shi, kada a share ƙurarsa a bushe, kada kuma a zuba shi cikin ɓaraguzan da za a ba masu ciko. Da aka tsaya a kan haka sun yi, amma ya ƙara yini guda da kuɗin takunkumi mai matata, ogan kuma bai ɓoye cewa yana ganin ɓata lokaci ba ne. A saman silin ɗin akwai ƙurar shekaru da kashin jemage da wayoyin da fatarsu ta bushe, wani dalilin ke nan na kashe wuta kafin kowa ya sa hannu.

Duk wannan maganar ginin bulo ce a unguwar da mota ke shiga. A cikin birni lissafin daban yake. Lungun da tifa ba ta shiga sai an yi jigila da baro zuwa bakin titi, kowane sawu da kuɗinsa. Ginin ƙasa mai rufin azara kuwa kusan babu bangon da ba ya ɗauke da wani abu, kan azarar a cikinsa yake, sau da yawa ma katangar haɗaka ce da maƙwabci. Waɗannan da na gwada ba zan ba su irin wannan ba, aikin maginin gargajiya ne.

Jinga ta fi biyan yini a wannan aiki, don mai kuɗin yini ba ya gaggawar gamawa, sai dai jingar tana sa garaje, garajen kuma shi ya huda fayif. Abin da ya riƙe su shi ne yadda aka raba kuɗin: kashi ɗaya cikin uku kafin alƙalami don hayar inji da tokari da fetur, kashi na biyu bayan bango da tayil, na ƙarshe sai an kwashe komai an share. A takardar da za a rubuta a sa wanda zai sayi fetur, sawun tifa nawa da inda za a zubar, mai ƙarafa, wanda zai biya in an fasa fayif ko an yanke waya, da wanda zai ɗauki nauyin magani in lebura ya ji rauni, don babu ɗayansu da ya zo da takalmin aiki, silifa ce a ƙafar kowa a kan fasasshen tayil mai kaifin reza. Zan sake kiransu a kan bango, a kan tayil ma in an yi alamar fayif tukuna. Cikon kuɗinsu bai fita ba sai da aka cika tanki, aka bar layin ruwan a buɗe ya kwana, da safe aka shafa ƙasan dekin aka ji shi a bushe.