Gwanjo ko sabo mai araha: amsa ga mai son fara aikin katako a gida

Malam, ka ce kana da ɗan fili a bayan gida a Unguwar Rogo a Jos, kana so ka riƙa haɗa benci, kanta da teburin karatun yara a ranakun hutu, kuɗin hannunka kuma ba su taka kara sun karya ba. Tambayarka ita ce ko ka bi kayan gwanjo, ko ka shiga shago ka ɗauki sababbi masu araha. Ni ina raba kayan nan gida uku: wanda ƙarfe ne zalla, wanda ke da inji da waya, da wanda ke aiki da batir. A na farko gwanjo ne ke kan gaba, a na biyu ana kokawa, na uku kuwa ka bar shi tukuna.

Mu fara da filen hannu na fere katako, don a nan bambancin ya fi fitowa. Tsohon Stanley ko Record ƙirar Ingila, lamba 4 ko lamba 5, ko da ya yi jajir da tsatsa, ya fi sabon da ke ƙyalli a leda. Lamba 4 tsawonsa wajen inci 9 ne, na goge fuskar katako. Lamba 5 inci 14, shi ne na kowane aiki, kuma in ɗaya za ka saya shi nake ba ka shawara. Matsalar sabo mai araha guda biyu ce: sau da yawa ƙasansa ba ya kwanciya daidai, kuma bakinsa ƙarfe ne mai laushi. Ka wasa shi da safe, ka ɗora a kan maɗaci, kafin azahar ya dakushe. A kan farin katako mai taushi zai ruɗe ka ka ce yana aiki.

In ka ɗauki tsohon a hannu, juya shi ka dubi gefen ramin da baki ke leƙowa. Tsaga a nan, ko alamar walda, ka ajiye musu kayansu, don irin wannan ƙarfen in ya fashe bai cika komawa daidai ba. Ɗora rula ta ƙarfe a ƙasansa ka ɗaga wajen haske, ka ga ko akwai rata. Jar tsatsar sama ba komai ba ce, sanfefa da kananzir za su ɗauke ta. Wadda ake gudu ita ce wadda ta ci ƙananan ramuka a bayan bakin, kusa da kaifi, don duk wasan da za ka yi ramin zai riƙa barin giɓi. Sannan ka ƙirga kayan cikinsa: baki, ƙarfen da ke kwance a kansa, murfin da ke danne su, da sukurorin. 'Yan gwangwan sukan sayar da shi babu ɗaya daga ciki, kuma nemansa daga baya wahala ce. Mariƙi da ya karye kuwa kada ya dame ka, ai shi ne aikinka na farko.

Cizal, wato ƙarfen sassaƙa katako, shi ma haka. Guda uku sun ishe ka: kwatan inci, rabin inci, da inci ɗaya. Wanda bakinsa ya yi shuɗi-shuɗi an ƙona shi ne a giranda, ƙarfen wurin ya saki. Guduma da abin matse katako lokacin da gam ke bushewa, gwanjo ba tare da dogon tunani ba; ka dai murza sukurun daga farko zuwa ƙarshe.

Zarto kuwa akasin haka ne. Yawancin na zamani an ƙona haƙoransu a masana'anta don su yi tauri, za ka gan su baƙi-baƙi, kuma magagari ba ya cinsu. Sabo yana yanka da kyau tun ranar farko, amma in ya mutu ya mutu ke nan, shi ya sa sayen na hannu irin wannan asarar kuɗi ce. Tsohon zarton da ake wasawa yana da kyau ga wanda ya iya wasa haƙori ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ba ka kai nan ba. Tef ɗin awo da sukwaya, wato ma'aunin kusurwa, su ma sababbi. Gwada sukwayar tun a shago: jingina ta a gefen katako miƙaƙƙe, ja layi, juya ta ɗaya ɓangaren, sake ja. In layukan biyu sun rabu, duk kantar da za ka haɗa da ita a karkace za ta fito.

Sai masu inji. Tokumbo, wato gwanjon ƙasar waje, na Makita, Bosch ko DeWalt da ke da lafiya ya fi sabon da ba a san sunansa ba, amma sai ka iya tantance lafiyar. Abin dubawa na farko shi ne ɗan allon rubutu da ke jikinsa. Wutarmu 230V ce, don haka ka nemi 220 zuwa 240. Kayan Amurka na 120V ne, kuma a Ingila ma akwai na wuraren gini masu 110V da filogi ruwan ɗorawa. Wasu masu sayarwa kan yanke filogin su sa irin namu, ka kai gida ka jona, hayaƙi ya tashi. Za a ce maka ai akwai tiransifomar rage wuta. Haɗa kuɗinta da na injin kafin ka kira shi araha.

Kada ka yarda da "wallahi yana aiki". A jona shi a gabanka, ko da da janareta ne, ka bar shi ya yi gudu kamar minti guda. Leƙa ta ramukan iska: ɗan tartsatsi kaɗan wajen kabon ba laifi, kuma kabon abu ne mai arha da ake canzawa. Wuta da ke zagaye kamar zobe, ko ƙaurin ƙuna, kwayil ne ke kan hanyar ƙonewa. Saki makunni ka saurara yayin da yake tsayawa, boris da ya ci zai yi ƙara-ƙara. In injin huda ne, sa masa dogon baki ka ga ko tsinin yana rawa. A Bosch, shuɗi na masu sana'a ne, kore na aikin gida. Duk biyun za su yi maka, amma kada a sayar maka da kore a farashin shuɗi.

Sabo mai araha yana da nasa amfanin: akwai shagon da za ka koma, kuma yana zuwa da kayan haɗinsa cikakku. Sai dai araha ba ta ado. Lambar ƙarfin da ke jikin kwali ba kullum take gaskiya ba, ga kuma jabu masu launin manyan kamfanoni da aka sauya wa harafi ɗaya a suna. Ɗaga shi, rashin nauyi kan tona asirinsa. A injin huda dai, tokumbo mai waya da ya ci gwajin nan shi ne zaɓina.

Zarton lantarki mai zagaye ban ga abin gaggawa a kansa ba. Mai faifan 185mm yana jan wajen 1,200W zuwa 1,400W, lokacin tashi ma ya fi haka, ƙaramin janaretan nan na gida da bai kai 1,000W ba ba zai ɗauke shi ba. Ga shi kuma a Kasuwar Katako ta Laranto akwai masu injin da za su tsaga maka katako su goge, ka tafi da awonka a takarda kawai. In ka matsa sai ka saya, ja murfin da ke rufe faifan ka saki. Dole ya koma da kansa nan take. Wanda aka cire wa murfin ko aka ɗaure shi da waya, ko kyauta ne kada ka karɓa. Yatsu ake magana.

Masu batir na gwanjo su ne tarko. Injin yakan zo da lafiya, batirin ne ya gaji, cajar kuma ko babu ko ta 120V ce. Galibi kowane kamfani da irin batirinsa, na wannan ba ya shiga na wancan, kuma sabon batir na asali kan fi kuɗin da ka sayi injin.

Wurin nema: zaga Katako, ka leƙa kasuwar Building Materials ta hanyar Bukuru don ka san farashin sabo kafin ka taya tsoho, sannan ka tambayi tsofaffin kafintocin unguwa, don wasunsu sun koma inji sun jefa filen hannu a ƙarƙashin benci. Tafi da guntun maɗaci a aljihu na gwaji, in da hali da kafinta guda a gefenka. Duk inji mai waya da za ka biya, a rubuta maka rasit da lambar jikinsa da sunan mai sayarwa, don kayan da aka kwaso daga wuraren gini ma a cikin gwanjon suke ɓuya.