Kayan wankin mota a gida: abin da za ka fara saya a Sakkwato, da wanda zai iya jira

Abubuwa uku ke cin fentin mota a Sakkwato: ƙurar hunturu, ranar bazara da ke haura digiri 40, da ruwan burtsatse mai barin farin tabo in ya bushe. Duk abin da za ka saya, da su za ka auna shi. Karcen nan zobe-zobe da ke fitowa a jikin baƙar mota in rana ta haska ta, yawanci aikin busasshen tsumman da ake share ƙura da shi da safe ne. Ƙurar ai garin yashi ce. Jan ta a bushe daidai yake da bin fenti da sanfefa.

Saboda haka kuɗinka na farko ya tafi kan tsumma. Tsohuwar singileti da tawul ɗin wanka suna riƙe yashi a fuskarsu, soson katifa ma haka, sai ya danne shi a kan fenti. Tsumman maikurofaiba, wato mai laushin nan da aka saƙa da zare siriri ƙwarai, yana haɗiye yashin cikin gashinsa. Duba lambar GSM, mai nuna nauyi da kaurin tsumma, a jikin ledarsa: 300 zuwa 350 ya isa aikin ciki da gilashi, na tsane jiki kuwa nemi 500 ko sama. Sayi aƙalla shida masu launi daban-daban, don wanda ya taɓa taya kada ya ƙara kusantar fenti. In kana shakkar ingancinsa, goga shi a bayan faifan CD. Wanda ya karce faifai zai karce mota. Haɗa da safar wanki mai gashi guda ɗaya. A wanke su daban da tufafi, ba da ruwan zafi ba, a shanya a inuwa.

Sai sabulu. Omo da sabulun wanke kwanuka an yi su ne don cire maiƙo, su ke wanke waks ɗin da ka shafa (man da ke kare fenti ya sa shi sheƙi), su busar da robar ƙofa, garin da bai narke ba kuma ya yi karce. Shamfun mota yana da santsi, shi ke sa yashi ya zame. Murfi ɗaya ko biyu ake zubawa a ruwa lita 10, gwargwadon abin da aka rubuta a kwalbar, don haka tsadarsa a ranar saye kawai take. Wanda aka ce da waks a ciki ba laifi, amma ƙyallinsa na 'yan kwanaki ne, kada ka biya ninki saboda shi. A Babbar Kasuwa da shagunan kayan mota kana iya samun irin su Turtle Wax, Sonax ko Meguiar's. Duba hatimin murfi da tsabtar rubutu, domin jabu na yawo da sunan masu kyau.

Injin feshi ko bokiti? Ga mai farawa, bokiti biyu sun fi. Ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye safa kafin ta koma cikin kumfa. Jarka uku ta mai garuwa tana wanke Corolla tas. Injin lantarki mai ƙarfin bar 100 zuwa 130 (bar ma'aunin ƙarfin feshin ruwa ne) yana saukar da ƙura ba tare da hannu ya taɓa ba, wannan babban amfani ne, sai dai yana jan wuta wajen wat 1,400, ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba. Mai batiri ba shi da ƙarfi sosai, amma yana zuƙo ruwa daga bokiti, ya kuma isa ƙurar yau da kullum. Ko wanne ka saya, bar tazarar santimita 30 tsakanin bakinsa da fenti, musamman wurin da mai fenti ya taɓa gyarawa, don yana iya ɗaye shi.

Komai kyan kaya, wanki da rana tsaka ɓata su yake yi. Yi bayan asuba ko bayan la'asar, a inuwa. Ɗora hannu a bonet, in da zafi ka jira. Fara da tayoyi, ka jiƙa motar duka, ka wanko daga rufi zuwa ƙasa, ɓangare-ɓangare, kana ɗaurayewa. Tsane nan take. Tabon ruwan da ya riga ya zauna, ruwan binega da ruwa rabi da rabi yakan cire shi. Inuwar dogon yaro kuwa tana da kuɗinta: kashin tsuntsu a kan fenti mai zafi yana cin saman fentin, a jiƙa shi ya yi laushi a ɗauke shi ranar da ya sauka.

Waks iri uku ne a kasuwa. Na gwangwani mai kakin kanuba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya a Burazil, ya fi zurfin sheƙi, amma a zafin nan da wuya ya wuce wata ɗaya zuwa biyu. Na ruwa da aka haɗa a masana'anta yakan kai wata huɗu zuwa shida, shi ya fi dacewa da motar da ke wuni a rana. Na feshi ya fi sauƙi, minti 15 ka gama, sai dai yana son maimaici. Shafa siriri, domin mai kauri wuyar gogewa kawai yake ƙarawa, kuma kauce wa baƙar robar bamba, yana barin fari a kai. Komfawun, wato man cire karce, da injin goge fenti, bar su tukuna. Rufin saman fenti bai kai kaurin gashin kai ba, wanda bai saba ba yana iya cinye shi a gefen ƙofa cikin daƙiƙu. Man birki kuma da wasu ke shafa wa taya don ta yi baƙi, ɗigonsa yana narkar da fenti.

A ciki, na'urar zuƙe ƙura da ake jonawa a ramin wutar sigari ba ta iya fitar da yashi daga kafet. Ta gida mai aiki da wutar bango ta fi ta nesa ba kusa ba. In babu, buroshi mai tauri da kakkaɓe tabarmar ƙafa suna rage aiki, buroshin fenti sabo kuma ya share ramukan esi. Man dashbod mai walƙiya yana kama ƙura, yana kuma haska gilashin gaba ya kashe ido. Zaɓi marar walƙiya mai kariya daga rana, ka fesa a tsumma kafin ka shafa, kada ya taɓa sitiyari ko birki. Kujerar yadi tana son kumfa kaɗan da buroshi mai laushi, in ruwa ya shiga soson ciki sai wari. Ta fata tana buƙatar man fata duk wata uku, in ba haka ba ta tsattsage. Ruwan goge gilashi mai amoniya yana lalata baƙar ledar gilashi, nemi wanda aka rubuta babu ita. Mayafin tare rana na gilashin gaba kuwa bai kai kuɗin kwalbar waks ba, kuma shi ke hana dashbod tsagewa a watan Afrilu.