Legas, Jos ko Kano: ina ya fi dacewa ka kashe kuɗin motarka don ganin kayan tarihi da zane?

Kuɗin shiga gidan tarihi a Najeriya ba shi ne abin damuwa ba. A yawancin gidajen gwamnati, abin da za ka biya a ƙofa bai taka kara ya karya ba. Abin da ke cin aljihu shi ne mota, masauki, da kwanakin da za ka bar aiki ko shago. Kayan kuwa a warwatse suke, babu gari ɗaya da ya tara su duka. Don haka tun kafin ka haɗa jaka, ka san abin da idonka yake son gani, shi zai zaɓa maka gari.

Mu fara cire Abuja daga lissafi. Akwai ɗakunan zane masu kyau, kamar Thought Pyramid da reshen gidan zanen Nike Davies-Okundaye da ke hanyar filin jirgi, amma manyan kayan tarihin ƙasar ba a can suke ba. In wata hidima ta kai ka, ka leƙa. Ba garin da za ka yi tattaki takanas saboda wannan ba ne.

Legas ce ta fi kowa kaya, ita ce kuma ta fi kowa tsada. Gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda Kenneth Murray ya kafa a 1957, shi ne wurin da za ka ga tsofaffin ayyukan yumɓu da tagulla na Nok da na Ife da na birnin Benin da na Igbo-Ukwu a ƙarƙashin rufi ɗaya. A nan ne kuma aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976. Ramukan harsashi suna nan a jikinta, kuma ban san ɗan Arewan da zai tsaya gabanta jikinsa bai yi sanyi ba. Tsallaken titi akwai cibiyar John Randle ta tarihin Yarabawa, sabon gini da aka tsara da haske da sauti irin na zamani. Ganin su biyun a rana ɗaya zai nuna maka bambancin da kulawa take yi wa kayan tarihi.

Zanen zamani kuwa sai ka gangara Lekki, gidan Nike Davies-Okundaye: bene mai hawa biyar, bango cike da zane tun daga ƙasa har sama, shiga kyauta. Ka riƙe a ranka cewa wannan wurin ciniki ne, kusan duk abin da ke rataye na sayarwa ne, an jera shi don mai saye ya zaɓa, ba don ɗalibi ya bi tarihi daki-daki ba. Mai son tsari da bayani gara ya ƙarasa gidan zane na Yemisi Shyllon da ke jami'ar Pan-Atlantic a Ibeju-Lekki, wanda aka buɗe a 2019. Sai dai yana da nisa, kuma cunkoson Legas ba ya barin mutum ya yi wuri uku a yini. Ka ware kwana uku, in ba haka ba a mota za ka ƙare. Wanda zai iya jira har Nuwamba zai dace da baje kolin zane na Art X, da ake yi tun 2016.

Ni dai, in aka ce in zaɓa wa mai matsakaicin ƙarfi wuri ɗaya, Jos zan ce. Asalin gidan tarihinta daga ramukan haƙar kuza ne. A 1928 aka fara tono wani ƙaramin kai na yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Jaba ta jihar Kaduna ta yau. A 1943 aka kawo wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, wani kan daga Jama'a, wanda wani ya kafa a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye da shi. Fagg ya lura hannun da ya yi su iri ɗaya ne, ya bi sawu, har aka buɗe gidan a 1952. Ka matsa kusa da ɗaya daga cikin kawunan nan ka duba: ido mai kusurwa uku, an huda ƙwayarsa, an huda hanci da kunne, ga kitso an tsara shi tsaf. Aikin ya haura shekara 2,000, kuma mutanen wannan ƙasa tamu ne suka yi shi.

Amma abin da ya sa na fifita Jos yana waje, ba cikin gilashi ba. A fili ɗaya akwai zauren tukwane da aka tattaro daga sassan ƙasar nan, da tsofaffin kawunan jirgin ƙasa, sannan ga gidan gine-ginen gargajiya wanda wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya assasa. An kwaikwayi ganuwar Kano, an kwaikwayi masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Ka shiga ka ɗaga kai, ka ga yadda bakan gizo ya taso daga ginshiƙi ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, azara da ƙasa kawai, babu ƙarfe babu siminti. Duk maginin da ke ganin ginin ƙasa na talaka ne ya kamata a kawo shi nan. Ginin ƙasa dai yana son yaɓe kowace shekara, damina kuma ba ta raga masa, saboda haka ka tambayi ma'aikata sassan da ke buɗe. Ka kuma saurari labarin hanya kafin ka tashi, ka yi tafiyar rana.

Akwai maganar da ya kamata a faɗa a fili. Mutanenmu da yawa ba sa sakewa da kallon mutum-mutumi, wasu ma gumaka suke kiransu duka. In kana cikinsu, kada ka kashe kuɗi zuwa Benin ko Ife, domin kusan duk abin da ke can kawunan sarakuna ne da siffofin mutane na tagulla da yumɓu. Kano da Kaduna su ne naka. Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, gini ne da ake danganta shi da Muhammadu Rumfa tun ƙarni na 15, kuma ginin kansa rabin abin kallon ne. A ciki za ka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, sulke da lifidi, hotunan zuwan Turawa a 1903, da ɗakin amarya da jerensa. Daga nan marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi ba nisa, inda rini da dukanci suke a raye a hannun masu su. Wannan ita ce tafiya mafi arha, yini ɗaya ya isa, kuma ita ta fi dacewa da yara 'yan makaranta.

Kaduna ta mai son siyasa da takardu ce. Gidan Arewa shi ne gidan da Sardauna ya zauna, aka mai da shi cibiyar bincike a 1970, akwai kayansa da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ginin jam'iyyar NPC, ƙarami ne, sa'a biyu ta wadatar. Daga Abuja jirgin ƙasa yana kai mutum Rigasa. Mai sha'awar zane ya ƙara da Zariya: a can ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta ce zanen ɗan Najeriya ya tsiro daga al'adarsa, kuma sashen zane na jami'ar Ahmadu Bello yana nan har yau.

Benin kuwa lokacinta ne yake zuwa. Kayan da sojojin Ingila suka kwashe a 1897 sun fara dawowa, Jamus ta miƙo wasu a ƙarshen 2022, Holan ta dawo da 119 a 2025. Amma dawowa daban, baje su ga jama'a daban. Kafin ka sayi tikiti, ka tabbatar da abin da aka fitar ake gani.

In ka yi niyyar dawowa da tsaraba, sayi aikin mai zane da ke raye, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunansa da sunan aikin, ka yi ciniki ba kunya. Wanda ya ja ka gefe ya ce yana da kan Nok na asali, rabu da shi. Ko dai jabu ne da aka gasa aka shafa wa ƙasa, ko kuma na sata ne da aka tono, aka lalata wurin da masana za su karanta. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta hana cinikin irin waɗannan kaya ba tare da izini ba. Ko sabon sassaƙa ne, in za ka fita da shi waje, gara ka nemi takardar hukumar don kada a tsare ka a filin jirgi.

Ka je da safe, a ranar aiki, da kuɗi a hannu. Ka tambaya kafin ka ɗauki hoto, wasu wuraren sai an biya, wasu an hana. In an haɗa ka da mai zagayawa da baƙi, ka karɓa ka kuma sallame shi da kyau, domin rubutun da ke jikin gilashi gajere ne, yawancin bayanin yana bakinsa.