Odisiyus ko Ulikses: wanne za a rubuta?

Sunan sarkin tsibirin Itaka ne a tatsuniyoyin Girka, mutum ɗaya. Homa, mawaƙin Girka na dā, ya kira shi Odisiyus da Girkanci, kuma a littafi na 19 na Odisi, doguwar waƙar Homa, kakan sarkin, Otolikus, shi ne ya raɗa masa, daga kalmar da ke nufin fushi ko ƙiyayya. Rumawa kuwa Ulikses suka ce. Wannan "l" ba kuskure ba ce, don a wasu tukwanen Girka an rubuta Olisiyus, kuma daga irin wannan furuci Latin, harshen Rumawa, ta ɗauko.

Idan maganar Homa ake, a riƙe Odisiyus. Idan Birjil ne, mawaƙin Rumawa, Ulikses, wanda a bakin mutanen Tiroi, birnin da Girkawa suka yaƙa, mayaudari ne kawai. Gauraya su a shafi ɗaya kan sa mai karatu ya zaci sarakuna biyu ne.