Hayar tsohon gida da aka gyara a Legas: Tsibiri, Ebute Metta ko Yaba?

Dillalan gidaje a Legas sun samu sabon abin tallata haja. Su ɗauki gidan da ya girmi kakanka, a shafa masa farin fenti, a shimfiɗa tayil, a liƙa fitilu a silin, sai a ce an mayar da shi sabo, kuɗin haya ya tashi. Wani gyaran na gaskiya ne. Wani kuwa kyan ɗan maciji ne. 'Yan uwanmu da suka gaji da sammako daga Agege ko Mile 12 suna yawan tambayata wace tsohuwar unguwa ta fi, kuma amsata kullum tana farawa da tambaya: ina kake neman abincinka?

In a Balogun ko Idumota kake kasuwanci, Tsibirin Legas zai fara jan hankalinka. Nan ne Isale Eko da Popo Aguda, unguwar bayin da suka dawo daga Barazil da sana'ar gini a hannunsu. Aikinsu yana nan a Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894, da gidan iyalan da Rocha na titin Kakawa, wanda ake kira Water House. Irin waɗannan gidaje suna da kaurin bango da dogayen tagogi, ɗaki kan yi sanyi ko babu fanka. Da ƙafa za ka je shago, da ƙafa za ka je Babban Masallaci ranar Juma'a, kuma ga jirgin ƙasa na Blue Line da ya fara tashi daga Marina zuwa Mile 2 a 2023.

Sai dai a nan ne na fi jin tsoro. Fili ya yi tsada, don haka wasu masu gida kan ɗora hawa a kan ginin da ba a yi harsashinsa don ɗaukar wannan nauyi ba. Ba mu manta da benen Ita Faji da ya rufta a watan Maris na 2019 da makarantar yara a samansa ba. Hukumar kula da gine-gine ta Jihar Legas, LASBCA, tana sa jan fenti a jikin ginin da ta ga yana da hatsari, kuma fenti yana rufe fenti. Ka tambayi mai shayin bakin layi ko an taɓa yi wa gidan alama, zai faɗa maka abin da dillali ya haɗiye. Ƙara da cewa wurin ajiye mota sai an yi da gaske, hayaniya kuma ba ta kwanciya.

Ebute Metta ita ce zaɓina ga mai iyali. Layukanta a miƙe suke tun tsarin da Gwamna Glover na zamanin mulkin Turawa ya yi wa Egbawan da suka yi hijira daga Abeokuta a 1867, kuma Bahaushe zai yi murmushi in ya ga titin Kano da Borno Way da titin Jebba. Unguwar 'yan jirgin ƙasa ce. Jaekel House, gidan tarihi na 1898, yana nan cikin harabar ma'aikatar jirgin, tashar Mobolaji Johnson mai zuwa Ibadan tana kusa, kasuwar Oyingbo kuma ta ishi uwargida cefane. Gidajen galibi ƙasa da sama ne, da ɗan tsakar gida. Aibinta ruwa: sassan da ke gangarowa bakin tabki suna cika a Yuni da Yuli.

Yaba kuwa ba sai na daɗe ba. Ɗaliban Jami'ar Legas da kwalejin fasaha ta Yabatech da samarin kamfanonin fasaha sun cika ta, masu gida sun gane haka, sai suke yanka falo ɗaya gida uku su kira kowanne ɗaki mai banɗaki. Ga gwauro mai aikin ofis ta yi, musamman da jirgin Red Line ke tsayawa nan tun 2024. Mai mata da yara zai biya da yawa ya zauna a matse. Ka kuma tuna an hana acaɓa a ƙananan hukumomin Lagos Island da Lagos Mainland tun Yunin 2022, wato duk unguwannin nan uku.

Yanzu gyaran kansa. Na taɓa bin wani dillali duba gida a watan Janairu, komai fes. Na tafi da wani dattijo mai aikin wuta, ya buɗe makunni ɗaya ya leƙa, ya ce, "Alhaji, wannan wayar ta girme ka. Fuska kawai suka wanke." Tun ranar na daina kallon tayil. Ka ɗaga kai ka nemi tabon yoyo a silin. Ka shafa gindin bango, in fentin yana kumbura ko gishiri yana fitowa, danshi ne daga ƙasa, kuma zai dawo komai yawan shafe. Ka ƙwanƙwasa katakon bene da na taga don gara. Ka buɗe famfo ka shinshina, domin rijiyar burtsatse kusa da teku kan ba da ruwa mai gishiri ko mai ja. Ka tambayi inda ramin masai yake da ranar da aka kwashe shi. In da hali, ka koma bayan an tafka ruwan sama, gani ya kori ji.

Wuta ma a yi maganarta tun wuri. Mita mai kati taka kai kaɗai ta fi ta tarayya nesa ba kusa ba. Layin Band A, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, an tsawwala masa farashi tun Afrilun 2024, don haka ka san layin da gidan yake kafin ka yi murna.

Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, kuma mai biyan shekara-shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida kafin a tashe shi, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba. Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA ba sa ƙarƙashinta, amma unguwannin nan uku suna ciki. Bayan haya akwai la'adar dillali, kuɗin lauya da kuɗin ajiya na ɓarna. A rubuta kowanne da rasit. Ka duba ko dillalin yana da rajista da LASRERA, hukumar jihar mai kula da harkar dillancin gidaje. Tsofaffin gidaje da yawa na gado ne, magada goma kowa da bakinsa, saboda haka ka nemi ganin takardar da ta ba wanda zai sa hannu ikon ba da haya. A yarjejeniyar kuma a fayyace wa zai gyara rufi in ya yi yoyo, ka ɗauki hoton kowane ɗaki ranar da aka miƙa maka makulli.